Ruwan sukari saura awa biyu ko azumi tun tsakar dare: wanne ya fi aminci kafin tiyata?

Sista Rabi: Assalamu alaikum. Likitocinmu da sauran abokan aiki, ina so a warware mana wannan batu dalla-dalla. Har yanzu takardun shirin tiyata da yawa suna ɗauke da umarnin "ba ci ba sha daga ƙarfe 12 na dare", ko da kuwa aikin na la'asar ne. A gefe guda kuma sababbin ƙa'idoji suna cewa a ba mara lafiya ruwa mai sukari saura awa 2 a sa shi barci. Shin shan nan yana ƙara haɗarin abin da ke tumbi ya gangara huhu? Wa za a ba, wa za a hana, nawa, kuma daga yaushe ake fara lissafi?

Dakta Hadiza, likitar sa barci: Wa alaikumus salam, Sista. Tsoron yana da tushe, bari a fara da shi. Mutum a farke, idan wani abu ya nufi hanyar iskarsa, maƙogwaro zai rufe, tari ya turo shi waje. Maganin sa barci yana kashe wannan kariya, kuma yana sassauta ƙofar da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi. Idan tumbi na da kaya sai ya taso shiru, ba ma sai an yi yunƙurin amai ba, ya zuba cikin huhu. Ɓarnar iri biyu ce: ko gutsuren abinci ya toshe hanyar iska nan take, ko ruwan tumbi mai asid ya ƙona huhu, numfashi ya fara gagara bayan ɗan lokaci.

Wani likitan haihuwa, Curtis Mendelson, ne ya fito da batun fili a 1946, a birnin New York. Ya duba haihuwa 44,016, ya sami mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhu. Biyu suka rasu, kuma su biyun abinci mai tauri ne ya shaƙe su. Waɗanda ruwa ya shigar wa sun sha wuya amma sun rayu. Tun 1883 ma likitan tiyata na Birtaniya Joseph Lister ya bambance biyun: ya hana abinci mai tauri, amma ya ga alfanun a ba mara lafiya kofin shayi saura kamar awa biyu. Daga baya ne aka haɗe ci da sha a umarni ɗaya saboda ya fi sauƙin faɗa da sauƙin tunawa, ba don wani gwaji ya nuna ya fi aminci ba.

Abin da aka sani game da tumbi shi ne ruwa ba ya zama a cikinsa. Rabin ruwan da aka sha yana wucewa hanji cikin minti 10 zuwa 20, kafin awa 2 babu saura. Kuma tumbi ba ya taɓa bushewa, domin yana tsatso nasa ruwan dare da rana, ga yawun da ake haɗiya. Lafiyayyen da ya kwana bai sha komai ba ana iya samun har mililita 1.5 kan kowane kilo na nauyinsa a tumbinsa, wato kusan 100 ga mai kilo 70. Bitar 2003 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba ta ga cewa masu shan tsararren ruwa, wato wanda ake hango abin da ke bayansa, har saura awa biyu sun fi masu azumi yawan ruwan tumbi ko ƙarfin asid ba.

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka tun 1999 ita ce: tsararren ruwa awa 2, nonon uwa awa 4, madara da abinci mara nauyi awa 6. Abinci mai maiƙo, soyayye ko nama, awa 8. Wannan na lafiyayyen da aka tsara wa aiki ne, ba na gaggawa ba.

Dakta Lawal, likitan tiyata: Dakta Hadiza, ruwa zalla na yarda, babu jayayya. Amma Sista ruwan sukari ta tambaya. Tumbi yana sakin abu gwargwadon kalorin da ke cikinsa, domin farkon hanji yana aika saƙo a rage gudu idan abu mai ƙarfi ya iso. Giram 50 na sukari kalori 200 ne. Me ya tabbatar ya wuce cikin awa biyu?

Malama Zainab, masaniyar abinci mai gina jiki: Likita, an auna wannan kai tsaye. A 1995 Nygren da abokan aikinsa a Suwidin suka ba mutane mililita 400 mai kashi 12 cikin ɗari na kabohaidiret, suka bi shi da na'urar ɗaukar hoto. Ya fi ruwa zalla jinkiri, gaskiyarka, amma cikin minti 90 ya fice. Shi ya sa awa 2 ta isa, har da ragowar lokaci.

Tsarin asali da masu shirin saurin farfaɗowa bayan tiyata, wato ERAS, suka yi amfani da shi: mililita 800 da daddare, mai giram 100, sannan mililita 400 mai giram 50 saura awa 2 zuwa 3. Na safen shi ne mai muhimmanci, na daren ana iya barinsa idan mutum ya ci abincin dare sosai. Yawancinsa maltodekstirin ne, wato sitaci da aka daddatsa. Dalilin zaɓensa shi ne yana ɗaukar sukari mai yawa ba tare da ruwan ya yi kaurin sinadari ba, kuma ruwan da sinadarinsa ya yi kauri yana daɗewa a tumbi. Sai dai a sabuntawar 2023 ƙungiyar Amurka ta ce mai sauƙi ko mai sarƙaƙiya duk sun halatta, har zuwa mililita 400. Kenan tataccen ruwan tuffa ya shiga ciki.

Abu biyu da ake kuskurewa. Na farko, na safen ana shanye shi ne cikin minti 5 zuwa 10, ba kurɓa-kurɓa na awa guda ba, domin ana so insulin ya tashi kamar an ci abinci. Na biyu, idan da hannu za a haɗa, a auna. Ƙaramin cokali a shafe giram 4 ne, kenan giram 50 kusan cokali 12. In aka yi ta zubawa da ido, ko a rage ruwan, an fita daga abin da aka gwada.

Sannan mene ne tsararren ruwa? Wanda in an zuba a kofin gilashi ana hango abin da ke bayansa, ba gari, ba tsaki, ba maiƙo. Shayi da kofi ba madara suna ciki duk da duhunsu. Madara, yogot, ruwan lemu mai ɓargo, da duk abin shan da aka dama da gari, abinci ne, awa 6. Madara tana daskarewa idan ta haɗu da asid, daga nan tumbi ya ɗauke ta a matsayin abu mai tauri.

Sista Rabi: Malama, shayi mai ɗan digon madara fa? Wannan ne ya fi yawan kawo gardama da safe.

Dakta Hadiza: Ƙa'idar Turai ta 2011 ta sassauta, ta ce in madarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na kofin ba, yawancin masu rubuta ta sun ɗauke shi tsararren ruwa. Ta Amurka ba ta yi wannan sassauci ba. Ni ina ganin a takardar da za a ba mara lafiya a rubuta "ba madara" kawai, domin ba wanda zai auna kashi ɗaya cikin biyar a gida. Idan an riga an sha, likitan sa barci ya yanke hukunci.

Amfanin sukarin kuma ga shi. Yanka yana tayar da sinadaran tashin hankalin jiki, su kotisol da adirenalin da gulukagon. Su kuma suna sa jiki ya daina jin insulin: sukari ya hau a jini, tsoka ta fara narkewa don samar da makamashi. Wanda ya shiga ɗakin tiyata da yunwar awa 14, ajiyar sukarin hantarsa ta ja baya, ya riga ya kama wannan hanyar tun kafin wuƙa ta taɓa shi. Binciken likitan tiyata na Suwidin Olle Ljungqvist da jama'arsa ya nuna shan sukarin yana rage wannan taurin kan da jiki ke yi wa insulin da kusan rabi. Ga kuma ƙishi, yunwa, ciwon kai da fargaba da suke raguwa.

Dakta Lawal: A nan ne nake so mu yi wa kanmu adalci. Raguwar taurin insulin awo ne na ɗakin gwaji. Mara lafiya me ya samu? Bitar Cochrane ta 2014, gwaji 27, mutum 1,976: kwanakin asibiti sun ragu da kusan sulusin yini, matsalolin bayan tiyata ba su ragu ba. Wani nazarin na 2017 da ya kwatanta sukari da ruwa zalla bai ga wani fifiko na a zo a gani ba, fifikon a kan azumi ne. Gwajin da aka yi a Italiya aka buga a 2018, kan manyan ayyukan ciki, ya nuna masu shan sukari ba su cika buƙatar insulin bayan aiki ba, amma ruɓewar ciwo daidai take a ɓangarorin biyu. To babban abin da aka ci riba a kansa shi ne daina dogon azumi, sukarin ƙari ne.

Abu na biyu ya fi damuna. Ana cewa ba a ga ko mutum ɗaya da abin ciki ya shiga huhunsa ba a waɗannan gwaje-gwaje. To ai abin ba ya yawan faruwa. Alƙaluman 1993 na asibitin Mayo da ke Amurka sun nuna ɗaya cikin 3,886 a aikin da aka tsara, ɗaya cikin 895 a na gaggawa. Mutum dubu biyu ba su isa su nuna bambanci a abin da ke faruwa sau ɗaya cikin dubu huɗu ba.

Dakta Hadiza: Wannan magana daidai ce, kuma ya kamata kowa ya riƙe ta. Hujjar aminci ba a kan ƙirga masu shaƙewa take ba, a kan auna abin da ya rage a tumbi take, da zuƙo shi ta bututu, da hoto, da sikanin. Duk hanyoyin sun nuna abu ɗaya: bayan awa 2, tumbin lafiyayyen da ya sha mililita 400 bai bambanta da na mai azumi ba. Ga kuma shekaru sama da 20 ana aiki da ƙa'idar awa 2 a ƙasashe da dama ba a ga abin ya ƙaru ba. Amma kalmar "lafiyayye" ita ce ginshiƙin. Waɗannan gwaje-gwaje sun cire masu lalurar tumbi tun farko, don haka ba su ce komai a kansu ba.

Waɗanda ba a ba su, kuma ko sun yi azumin yini guda a ɗauke su masu cikakken tumbi: mai toshewar hanji ko toshewar ƙofar tumbi, mai kumburin ciki da amai, mai lalurar da hanyar abinci ba ta buɗewa abinci ya taru a cikinta, wanda aka tabbatar tumbinsa ya mutu da aiki, da wanda ya yi haɗari. Na haɗarin a kula: zafi da firgici suna tsayar da tumbi, don haka lissafin daga cin ƙarshe ne zuwa lokacin haɗarin, ba zuwa lokacin tiyata ba. Wanda ya ci abinci saura rabin awa ya karye, bayan awa 8 ma abincin na iya zama a wurin. Mai ƙwannafi mai tsanani, da wanda aka taɓa yi wa aiki a tumbi ko hanyar abinci, sai an duba su ɗaya bayan ɗaya. Ƙiba ita kaɗai ba ta hana tsararren ruwa wucewa.

Malam Nura, mai harhaɗa magunguna: A ƙara da magunguna, domin yanzu a nan matsalar ta fi ɓuya. Magungunan kashe zafi dangin mofin, har da tiramadol da kodin, suna rage motsin tumbi. Sai alluran ciwon sukari da rage ƙiba na rukunin GLP-1, irin su Ozempic. Aikinsu ma ya haɗa da jinkirta tumbi, kuma an sami masu amfani da su da abinci a tumbi bayan sun cika awannin azumi cif. A Yunin 2023 ƙungiyar Amurka ta ce a dakatar da na mako-mako saura mako guda, na kullum a bar na ranar. A Oktoban 2024 ƙungiyoyi da dama suka haɗu suka sassauta: yawanci su ci gaba, amma mai haɗari, kamar wanda ake kan ƙara masa adadi ko yake tashin zuciya da kumburi, ya yini awa 24 a kan ruwa-ruwa kawai. Da yawa ba sa ambatar allurar don ba su ɗauke ta magani ba, sai an tambaya da suna.

Akwai kuma rukunin da dogon azumi ne haɗarinsu: masu shan ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari, irin su emfagiliflozin. Yunwa da tiyata suna iya jefa su cikin tsamin jini na kiton, sinadarin da jiki ke samarwa idan yana ƙona kitse, alhali awon sukarinsu yana nuna daidai. Ana dakatar da su saura kwana 3.

Sista Rabi: To masu ciwon sukari gaba ɗaya, a ba su ko a hana?

Malama Zainab: Ƙaramin gwaji na 2008 kan mutum 25 masu nau'i na biyu da sukarinsu ke zaune bai ga jinkirin tumbi ba. Sukarinsu ya fi na sauran hawa, kuma sai bayan awa 3 ya dawo inda yake, maimakon awa 2. Shi ya sa masu bayarwa suke bayarwa saura awa 3.

Dakta Lawal: Mutum 25 ba su isa in sa hannu ba. Sukarin jini da ya haura 180 a ma'aunin mg/dL, wato 10 a ma'aunin mmol/L, yana da alaƙa da ruɓewar ciwo. Riba kaɗan, haɗari sananne. Ni ruwa zalla zan ba mai ciwon sukari har saura awa 2, a sa shi farkon layi, a riƙa auna shi.

Dakta Hadiza: Ga mai nau'i na ɗaya, da wanda sukarinsa ba ya zaune, da mai alamun mutuwar jijiyoyin tumbi, wato saurin ƙoshi, kumburi, aman abincin jiya, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ga mai nau'i na biyu da ke zaune lafiya, ina ganin ana iya bayarwa a inda ake da tsarin auna sukari kafin shiga da lokacin aiki. Inda babu wannan tsarin, ruwa zalla. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar mai ciwon sukari ba ci ba sha har azahar bayan ya yi allurar insulin ɗinsa cikakkiya. Idan sukarinsa ya faɗi yana jira, tsararren ruwan sukarin ne ma maganin, ko a ba shi ta jijiya.

Dakta Isa, likitan sa barcin yara: Yara su ne suka fi cutuwa da dogon azumi. Jariri ajiyarsa kaɗan ce: sukari ya faɗi, kiton ya hau, jijiya ta ɓace a rasa inda za a sa allura, hawan jini ya faɗi da an fara maganin barci. Ƙa'idar Turai ta 2022 ta ce tsararren ruwa har saura awa 1, nonon uwa awa 3, madarar gwangwani awa 4, abinci awa 6. Adadin da aka saba mililita 3 kan kowane kilo, kenan yaro mai kilo 15 ya sha 45. Amurka ta tsaya a kan awa 2 don ta ce hujjar ba ta isa ba tukuna. Kowace asibitinku ya ɗauka a bi ta, amma a gaya wa uwa lokacin da za ta ba shi, ba lokacin da za ta daina kaɗai ba. In an ce mata "kar ya sha bayan ƙarfe 6", sai ta bar shi yana barci tun 9 na dare.

Dakta Binta, likitar mata: A tiyatar haihuwa da aka tsara, mai ciki da ba ta fara naƙuda ba tumbinta yana sakin ruwa daidai, don haka awa 2 ɗin tana aiki, kuma ana iya ba ta sukarin idan ba ta da ciwon sukari. Da naƙuda ta kankama labari ya canja, musamman in an yi mata allurar dangin mofin. Kuma kada a ce ai allurar baya mai kashe rabin jiki za a yi, ba sai an kiyaye ba. Allurar baya tana iya ƙin kamawa, ko jini ya ɓalle, a koma barci gaba ɗaya cikin minti biyu. Shi ya sa ake ba da sodiyam sitiret mililita 30 dab da shiga don kashe asid, da metokulofuramaid miligiram 10, da maganin rage asid tun da wuri.

Sista Rabi: Saura abin da Dakta Lawal bai faɗa ba amma na san yana ransa: layin tiyata yana canjawa. An ba na ƙarfe 11 ruwansa da 9, sai a soke aikin na farko, a ce a kawo shi 9 da rabi.

Dakta Lawal: Shi ne ainihin abin da ya raya umarnin tsakar dare har yau.

Dakta Hadiza: Maganinsa tsari ne. Kowa da ke layin safe ya shanye nasa da ƙarfe 6, in ana farawa da 8, sai kowa ya zama a shirye tun farko. Bayan an tsayar da layi da safe, waɗanda aka san ba za su shiga ba sai bayan awa 2 a sake ba su ruwa, kuma ɗakin tiyata ne zai kira ɗakin kwanciya ya faɗa. Wasu asibitocin Birtaniya sun wuce nan, suna barin kurɓar ruwa zalla kaɗan-kaɗan har a zo ɗaukar mutum, amma wannan ruwa ne, ba mai sukari ba. A rubuta ƙarfe nawa aka gama sha, da abin da aka sha, da yawansa. Awa 2 ɗin zuwa lokacin sa barci ake lissafa ta, ba lokacin yanka ba. Ƙwayoyin safe da aka amince a sha, a sha da kurɓin ruwa. Cingam ba ya sa a ɗage aiki, a tabbatar dai an tofar.

Idan ana shakka kuma akwai sikanin, a duba ƙarshen tumbi, mutum a rigingine sannan a kan gefen dama. In a fayau yake ko ruwan bai kai mililita 1.5 kan kilo ba, a ci gaba. In an ga abinci, a ɗage in ana iya ɗagewa. In ba a iya ba, a yi saurin sa barci: a cika huhu da iskar oksijin, na'urar zuƙa a kunne a hannu, maganin barci da na sakin tsoka a jere, rokuroniyam miligiram 1.2 kan kilo ko sukusametoniyam, bututu mai balan-balan cikin maƙogwaro. Kuma cire bututun ma lokacin haɗari ne, sai ya farka sosai. In abin ya riga ya faru, a sunkuyar da kai, a zuƙe baki, a sa bututu, a zuƙe hanyar iska kafin a fara hura iska. Ba a ba da sitiroyid, ba a fara maganin ƙwayoyin cuta haka kawai sai da dalili, kamar abin da ya taso daga toshasshen hanji.

Sista Rabi: Na ƙarshe, Dakta. Babba lafiyayye, aikin ƙaba, ya ce ya sha kofin madara cike da biskit biyu da ƙarfe 7, aikinsa na 9.

Dakta Hadiza: Abinci mara nauyi ne, awa 6, kenan ƙarfe 1 na rana. A mayar da shi ƙarshen layi, ba sai an sallame shi ba. A ba shi tsararren ruwa har ƙarfe 11, a rubuta sabon lokacin a takardarsa, a sanar da ɗakin tiyata. Kuma kada a yi masa faɗa, domin wanda aka yi wa faɗa a gaban jama'a, na kusa da shi ba zai faɗi abin da ya ci ba.